Daga Keson Wuri Zuwa Manhajar Waya: Tarihin Littafin Ɗan Kasuwa a Ƙasar Kankiya da Kusada



Duk wanda ya shiga kasuwar Kankiya ko ta Kusada a 'yan shekarun nan ya ga yadda ciniki ya sauya. Mai hatsi yana da lambar asusu a rubuce a jikin kwali, mai nama yana jiran alat kafin ya miƙa ƙunshi, masu POS kuma sun jera teburansu tun daga bakin tasha. Kamfanonin manhaja suna ta tallar cewa wayar hannu za ta riƙe wa ɗan kasuwa lissafinsa gaba ɗaya, tun daga kayan da ke shago har bashin da yake bi. Ta ɓangaren gwamnati kuma, sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 an tsara su fara aiki ne daga Janairun 2026, kuma tun Agustan 2025 hukumar tara haraji ta ƙasa ta fara ɗora manyan kamfanoni a kan tsarin rasit na intanet. Abin da ya fara daga manya, wata rana zai gangaro kan ƙanana. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwaya baya, mu ga yadda kakanninmu suka riƙe lissafi, da abin da ya same su duk lokacin da kuɗi ya sauya kama.

ZAMANIN WURI

Kankiya tana kan hanyar da ta haɗa Katsina da Kano, birane biyu da suka daɗe suna karɓar fatake daga Sahara da Borno da Gwanja. A ƙarni na 19 kuɗin da ake kashewa a wannan ƙasa shi ne wuri. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya ratsa Katsina zuwa Kano a farkon 1851. Ya rubuta cewa wuri 2,500 ke daidai da dalar azurfa ɗaya a Kano. Keso guda kuwa, wato buhun tabarma da ake zuba wuri a ciki, yana ɗaukar 20,000, kenan dala 8 kacal. A Tasawa, ta ƙasar Nijar ta yau, Barth ya ga yadda aka zauna ƙidayar wuri 500,000 da hannu, ana jan su biyar-biyar ana tarawa tsibi-tsibi, kuma ya ga wahalar aikin.

Kuɗin da yake da nauyi haka ba ya son yawo. Saboda haka babban ciniki ya dogara ne ga bashi da amana. Falke ya sauka gidan fatomansa, fatoma ya ajiye masa kaya, ya nemo masu saye, ya tsaya a matsayin lamuni idan an ɗauki kaya ba a biya nan take ba. Dillali ya shaida ciniki, ya karɓi la'adarsa. A ayarin goro mai zuwa Gwanja, madugu ne ke yin jinga da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, sannan a raba wa kowa gwargwadon dabbobinsa da kayansa. Mafi yawan wannan lissafi a ka yake, shaidu ne ke tsare shi. Manyan attajirai da Larabawan Gadamus mazauna Katsina da Kano su ne ke aika wasiƙun kasuwanci da Larabci, wasu kuma su sa malami ya rubuta musu da ajami.

Ba rashin sanin hukuncin rubutu ne ya kawo haka ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ta yi umarni a rubuta bashin da aka yanka wa lokaci, ƙarami ne ko babba, marubuci ya rubuta da adalci, wanda ake bi shi ne zai faɗi abin da za a rubuta, a kuma kafa shaidu. Cinikin hannu da hannu ne kawai aka yi wa rangwame. Matsalar ita ce takarda tana da tsada, daga ƙetaren Sahara ake kawo ta, masu iya rubutu kuma ba su da yawa. Sai tsarin ya tsaya a kan mutum. Muddin fatoma yana raye kuma mai gaskiya ne, dukiya tana nan. Ranar da ya faɗi ya mutu, rabin littafin ya bi shi kabari.

BAITULMALI DA AKAWU

Rubutaccen lissafi mai shafi da layi ya shigo mana ne ta ƙofar haraji. Bayan Turawa sun ci ƙasar a 1903, sun hana shigo da wuri a 1904, suka matsa a riƙa biyan haraji da kuɗinsu na ƙarfe. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya hau a 1906 ya rasu a 1944, Baturen mulki Richmond Palmer ya kafa Baitulmali a Katsina, kuma daga nan ne tsarin ya bazu zuwa sauran masarautun Arewa. Abin da aka tara na haraji da jangali sai a raba, kaso ya tafi ga gwamnatin Turawa, kaso ya shiga Baitulmali. Aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, aka fara tsara kasafin shekara, Ma'aji ya zama mai riƙe da littafi. Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta horar da malaman da suka riƙa yi wa En'e irin wannan aiki.

Ga talakan ƙauyukan Kankiya da Kusada, littafin farko da sunansa ya shiga shi ne na malamin haraji. An ƙidaya shi, an ƙidaya shanunsa, an ba shi 'yar takarda da ba ya iya karantawa amma dole ya adana ta. Wannan ya bar tabo. Har yau akwai dattijon da in ka ce ya rubuta yawan dukiyarsa sai gabansa ya faɗi, domin a tarihin gidansu rubutu da karɓa tare suke zuwa. Sai a 1979, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali.

Ƙofa ta biyu ita ce gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Kamfanonin Turawa irin su John Holt, da UAC da aka kafa a 1929, suna ba manyan dillalai kuɗi, su kuma su raba wa yaransu su shiga ƙauyuka. A wurin awo akwai sikeli, akwai akawu da littafinsa. Manomi ya karɓi kuɗi tun damina a kan zai biya da gyaɗa da kaka, kuma abin da akawu ya rubuta shi ne magana ta ƙarshe. Lissafin kansa ba mai sauƙi ba ne: anini 10 ke yin kwabo, kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam. In ka haɗa fam 2 da sule 15 da fam 1 da sule 8, fam 4 da sule 3 za ka samu. Wanda bai saba ba, a tsakanin sisi da taro ake cinye masa guminsa yana kallo.

Waɗanda suka fahimci littafi da wuri su ne suka yi nisa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, ya taso ne cikin fataucin goro irin na da, amma ya rungumi sabon tsari. Ana ba da labarin cewa da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20. Kasuwancin gidansa ya rayu bayansa har zuwa jikoki, alhali dukiyoyi da yawa na tsararrakinsa sun watse tun a wurin rabon gado.

Ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam. Fam ɗaya ya koma naira 2, sule ya koma kwabo 10, lissafi ya dawo goma-goma. Amma harshe bai saki tsohon ƙirga ba. Jaka, wadda asalinta jakar fam 100 ce, ta zama naira 200, kuma an daɗe ana yin ciniki da fam da jaka a karar dabbobi bayan kuɗin da kansu sun ɓace. Daga wannan lokaci har zuwa shekarun 2000, kayan aikin ɗan kasuwarmu su ne littafin makaranta mai layi, da biro, daga baya kwakuleta. Mai shago ya buɗe wa kowane mai ɗaukar bashi shafi. Uwar adashi ta ja layi a bango ko a bayan kwali.

YADDA LITTAFI YA SHIGA KWAMFUTA

A can wata duniyar kuma, wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya buga littafi a birnin Banis a 1494 inda ya bayyana tsarin rubuta kowane ciniki sau biyu: inda kuɗi ya fito da inda ya shiga. In ɓangarorin biyu ba su daidaita ba, to akwai kuskure ko akwai ɓarna. Yawancin manhajojin lissafin kasuwanci da ake sayarwa yau a kan wannan ƙa'ida aka gina su. VisiCalc ta fito a Amurka a 1979, Excel a 1985, QuickBooks a 1992. Sage ta fara a Ingila a 1981, Tally kuma a Indiya a 1986. Waɗannan sun shigo bankuna da kamfanoni da manyan shagunan Kano da Katsina, amma ba su iso rumfar mai tiya ba, domin suna buƙatar kwamfuta da wutar lantarki da Turanci da akanta.

Gwamnati ma ta bi sahu. Tarayya ta fara biyan albashi ta tsarin IPPIS a 2007, ta kuma tilasta asusun bai-ɗaya a 2015 ta manhajar Remita. Ɗalibinmu da ya taɓa biyan kuɗin makarantar tarayya ya san lambar Remita kafin ya san ofishin ma'ajin makarantar.

Abin da ya kawo lissafin zamani har ƙauye shi ne waya. Layukan GSM sun fara aiki a Nijeriya a Agustan 2001. A 2011 aka ƙaddamar da tura kuɗi nan take tsakanin bankuna. Babban Bankin Nijeriya ya fara shirin rage amfani da takardar kuɗi a Legas a 2012, ya fitar da ƙa'idar wakilan banki a 2013, aka kawo BVN a 2014. Ƙa'idar wakilai ita ce ta haifi sana'ar POS, wadda ta raba mutanen ƙauyukanmu da doguwar tafiya da layin banki. OPay ta fara a 2018, PalmPay a 2019, Moniepoint kuma ta fito daga kamfanin TeamApt da aka kafa a 2015.

DARUSSA UKU DA BA SU DAƊE BA

Na farko, a Satumbar 2021 aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da maƙwabciyarmu Dutsin-Ma. An shafe watanni a haka. Wanda kuɗinsa da lissafinsa ke cikin waya sai da ya yi tafiya zuwa inda sabis yake kafin ya san abin da ya mallaka.

Na biyu ya zo ta ɗaya gefen. Ranar 26 ga Oktoban 2022 Babban Banki ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Wa'adin 31 ga Janairun 2023 ya koma 10 ga Fabrairu, sababbin kuɗi ba su wadata ba, tsofaffi kuma aka ƙi karɓa. Mun ga yadda farashin dabbobi da hatsi ya rabu biyu, na tsaba daban, na tiransifa daban. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. A waɗannan makonni ne dubban masu ƙananan sana'a suka buɗe asusu a waya, ba don sha'awa ba, don kada ciniki ya wuce su.

Na uku bai yi ƙara kamar sauran ba. Wata manhajar rubuta lissafin ƙananan 'yan kasuwa da aka kafa a Legas a 2021, wadda ta tara masu amfani da yawa, ta rufe sashenta na POS a ƙarshen 2023, a farkon 2024 kuma jaridun fasaha suka ruwaito cewa masu shaguna sun kasa buɗe ta su ga bayanansu. Fatoma ne ya sake mutuwa da littafi, sai dai wannan karon fatoman kamfani ne.

ABIN DA ALAT BA YA FAƊA

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka tunda kowane ciniki yana barin alat, to lissafi ya kammala. Mu ɗauki misali da alƙaluman da muka ƙaddara don bayani kawai. A ce Alhaji ya sayi buhun gero 10 a kan naira 50,000 kowanne, ya sayar a kan 54,000. A ido ribarsa 40,000 ce. Amma kowane buhu ya ci 1,500 na mota, 400 na 'yan dako, 500 na la'ada, 200 na kasuwa, jimla 26,000, kuma duk da tsaba aka biya su. Mai POS ya karɓi 3,000 wajen cire kuɗin. Abin da ya rage 11,000 ne. Sannan buhu 2 daga ciki bashi aka ɗauka, sai kasuwa mai zuwa. Wayarsa za ta nuna 432,000 sun shigo. Ba za ta nuna 108,000 da ke hannun mutane ba, ba za ta faɗi sunan wanda ya ɗauka ba, ba za ta ware kuɗin cefanen da aka zara daga asusu ɗaya da jarin ba.

Abin lura a nan shi ne, cinikin hannu da hannu, wanda ayar bashi ta yi wa rangwame, shi ne na'ura ke rubutawa da kanta. Bashi mai wa'adi kuwa, wanda aka yi umarni a rubuta, har yau a ka muke riƙe shi kamar zamanin keso. Kuma a nan ne rigingimun gado suke tasowa. Shari'a ta ce a biya bashin mamaci kafin a raba abin da ya bari. In ba a san wanda yake bi da wanda ke bin sa ba, marayu su yi asarar haƙƙinsu, ko su ci na wani ba su sani ba. Yanzu an ƙara da wata sabuwa: maigida ya rasu, kuɗi suna cikin asusu biyu ko uku a waya, iyali ba su ma san da su ba, layin kuma a bar shi har kamfani ya rufe shi. Zakka ma haka take. Wanda bai san jarinsa da bashinsa ba, ta ina zai fitar da ɗaya cikin arba'in daidai?

Ba muna cewa a guji manhaja ba ne. Mai shagon magani ko na kayan masarufi da ke da kaya kala ɗari zai huta ƙwarai idan manhaja tana rage kaya da kanta duk lokacin da aka sayar, tana nuna abin da ya kusa ƙarewa, tana bambanta cinikin yaron safe da na yamma. Tarihin shige da fice na asusu kuma shi ne wasu bankuna ke dubawa yanzu kafin su ba da jari. Amma kafin mutum ya zuba dukiyarsa a ciki, akwai tambayoyin da tarihin nan ya koya mana. Shin tana aiki idan babu sabis? Shin za a iya fitar da bayanan a buga su a takarda, ko a kwafe su zuwa wani wuri? Idan waya ta ɓace ko ta faɗa ruwa, ta yaya za a dawo da su? Kyauta ce har abada, ko akwai kuɗin wata da zai biyo baya? Idan kuma kamfanin yana riƙe kuɗi, ba rubutu kaɗai ba, yana da lasisin Babban Banki? Masu tayin bashi ta waya kuwa, a karanta sharaɗinsu da kyau, a tambayi malamai a kan abin da ya shafi ruwa.

Shawararmu ga 'yan uwa 'yan kasuwa ita ce a raba asusun shago da na gida, ko da jarin bai wuce na tireda ba. A ajiye littafi guda na bashi, mai ɗauke da suna da kwanan wata da adadi da ranar biya, wanda ya ɗauka ya sa hannu ko ya dangwala, da boko ko da ajami duk ɗaya ne. Mai amfani da manhaja ya riƙa fitar da bayanansa duk ƙarshen wata ya adana. A kuma sami amintacce ɗaya a gida da ya san bankunan da ake ajiya da inda littafin yake, ba sai an ba shi lambar sirri ba. Matasanmu da suka karanta akanta ko kwamfuta suna zaune ba aiki, ga aiki nan a bakin ƙofa: a zaga shaguna biyar ko goma ana daidaita musu lissafi duk mako a kan lada kaɗan. Akawun kamfani na zamanin gyaɗa don kamfani yake rubutu. Wannan karon muna da damar mu sami akawun da ke rubuta wa mai kaya.

Dattawan da suka ga zamanin sikelin gyaɗa da fam da sule suna nan da ransu a Kankiya da Kusada da ƙauyukansu. Wanda ke da irinsu a gida ya tambaye su yadda ake rubuta bashi a da, da wanda ke riƙe littafin, ya kawo mana abin da ya ji mu ƙaru da juna. Allah Ya sanya albarka a kasuwancinmu, Ya raba mu da haƙƙin wani, Ya ba mu zaman lafiya a jiharmu da ƙasa baki ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.